Cinikin Kangon Mudi

Na yi asarar kango guda mai itatuwan bedi biyu, da ƙuli-ƙulin da ya ƙone mini ba adadi, da sunan da na yi a kasuwar Cadawa na macen da ba a kayarwa a ciniki. Abin da na samu kuwa, ko akuya ta kwanta a kai sai ƙafarta ta leƙo waje.

Ni ce Habi mai man gyaɗa, matar marigayi Mudi. Gidana zana ɗaya ta raba shi da filin lakol, makarantar bokon garinmu. Kangon da Mudi ya bar mini kuwa yana can ƙarshen gari, bayan rijiya, da inuwar da babu irinta a garinmu.

Da bazara ta shigo, guguwa ta kwashe rumfar karan da ake koya wa 'yan ajin farko. Malamarsu, Madam Saliha, yarinya ce da na isa in haifa. Ta duba filin nan fetal, ba ta ga inuwa ba sai 'yar ta jikin zanata, wadda ke gudu tun hantsi. Nan ta jingina allonta.

Karatun nasu dariya ya ba ni. Ba a rera sunan baƙi kamar yadda aka yi mana a yaƙi da jahilci, inda na je har na gaji ban tsinci komai ba. Ita sai ta ce su rufe baki su yi "mmm" kamar saniya, su wangale su yi "aaa" kamar mai ciwon haƙori, sannan su haɗa: "ma". Ta raba musu wasu 'yan littattafai kamar tafin hannu, waɗanda ba a sa komai ciki ba sai baƙin da suka riga suka koya. Na farkon, labarinsa kaf shi ne: "Baba na nan. Mama na nan." Na ce to, madalla, a gaishe su.

A makon ne na maido murhuna jikin zana. Na gaya wa maƙwabta hayaƙi ke damuna a can.

Sai ga ƙanin mijina Balarabe, shi ne shugaban iyayen yara. Suna son kangon, a kai ajin inuwa. Ya taya da buhun gero. Na ce albarka. Ya dawo da tunkiya a kai. Na ce albarka. Ya ce za su gina mini katangar ƙasa a madadin zanar nan da ta tsufa. Nan na tashi tsaye na ce duk wanda ya taɓa mini zana, ni da shi sai gaban maigari.

"Yaya Habi, wai me kike so ne?"

"Ku dai ƙara. Ba ku zo wurin ba tukuna."

Gari ya ɗauka. Mata a rijiya suka ce Habi za ta sayar da inuwa da mudu. Ban kula ba. Ni abin da ya dame ni idona na hagu, da ya kama ruwa yana ja. Na ce hayaƙi ne. Ƙuli-ƙuli ya yi ta ƙonewa a kasko, na ce itacen bana ne ba shi da kirki. Ranar kasuwar Cadawa, ni da nake kai wa magariba ina jayayya a kan kwalba guda, sai na koma sallamawa da wuri ina neman amalanken gida.

A bayan zana kuwa sun wuce "Baba na nan". An kai inda Bala ya ga kaza, kaza ta ga Bala, ta gudu. Ban san ranar da na fara jin haushin Balan nan ba.

Rannan da rana tsaka na ji ihu. Wata 'yar mitsitsiya, Lubna, haɓo ya ɓalle mata don zafi, jini har kan littafinta. Ni na miƙa ruwan randa ta saman zana. Garin sauri, rabi ya zube.

Da la'asar Madam Saliha ta yi sallama, ita kaɗai, ba gero ba tunkiya. Ta zauna kan turmina, ta dubi murhu, ta dubi zana, ta dubi idona.

"Inna, sannu da ido."

"Hayaƙi ne."

"Haka ne. Inna, tun da muka dawo nan ban taɓa koya sabon baƙi ranar kasuwar Cadawa ba, sai maimaici. Yara har sun fara tambayata dalili."

Ni da na sa dillalan Gidan Rumji rantsuwa, yarinyar nan ta zo har gidana ta zauna kan turmina ta san kuɗin kayana tun ban faɗa ba.

"Rana ta yi wa yaran yawa," in ji ta. "Faɗi abin da za ki karɓa."

Na gyara ɗaurin kallabi, don ko faɗuwa za a yi a yi ta da mutunci. Na ce su ɗauki kangon, da bedin, da inuwar, na sallama. Kuɗina shi ne wurin shimfiɗa buzu guda dab da allo, da littafi nawa na kaina, domin in suka ɗauke ajin daga jikin zanata, ramin da na huda nake leƙen allo da ido ɗaya ba zai hango bayan rijiya ba, ni kuwa ban gama baƙaƙen ba.