Alamar Mama Daga Layi Na Uku

Saura daƙiƙa tara a tashi wasan ƙwallon kwando, baƙi na gaba da maki biyu. Koci ya nemi hutu, ya tsuguna cikin matsattsen sabon wandonsa don zana wa yara dabara a allo. Dabara ta ƙi zuwa. Ya miƙe, ya ɗaga kai yana neman layi na uku na kujerun 'yan kallo.

Tun safe shugaban kwalejin ya faɗa masa ba kwana-kwana: in aka sha kashi yau, ya tattara usur ɗinsa ya ƙara gaba. Mutum mai 'ya'ya huɗu, ga gwiwa da ƙarfe a ciki, ina za shi?

A layi na uku kuwa mahaifiyarsa ce zaune, kamar kullum, da gorar ruwa da ɗan tawul a cinya. Shekara ashirin ke nan, tun yana ƙwararren ɗan ƙwallon kwando ana ce masa Falwaya. Ba ta ihu, ba ta tafi, ko allon maki ba ta kallo. Hannu kawai take motsawa.

Shi ya gano sirrin da kansa. In ta kai hannu baki, a tsayar da wasa. In ta shafi goshi, a canza salo. In ta danna tafin hannu ƙasa, a rage gudu. Da alamun nan ya ci kofi biyu yana wasa, ya ci ɗaya yana koyarwa, 'yan jarida suna ta cewa kansa na ja. Bai taɓa tambayarta inda ta koya ba. Ko ya ɗauko zancen ƙwallo a gida, sai ta ce ya ci abinci tukuna.

Yau sabuwar alama ta zo. Mama ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ido waje. Ta nuna ƙasa, ta haɗa yatsu biyu, ta ja sama da ƙarfi. Ta sake. Ta sake.

Daga ƙasa zuwa sama! Koci ya damƙo gajeren cikin yaran. "Kada ka shiga ciki. Daga nesa za ka cilla."

Yaron ya cilla. Ƙwallo ta yi rawa a bakin kwando, ta faɗa. Maki uku!

Ɗakin wasan ya kaure da ihu. Shugaban kwaleji ya rungume wanda ya kusa kora. Koci ya tsallake kujeru, masu kyamara na biye da shi, ya durƙusa gabanta.

"Mama, kin cece ni! Ya aka yi kika gano?"

Ta yi maza ta jefa masa tawul a cinya.

"Gano me? Ni har yau ban san wanne ne kwandonmu ba. Shekara ashirin in ce sha ruwa, ba ka sha. In ce goge gumi, ba ka gogewa. In ce zauna ka huta da gwiwar nan, ba ka zama. Yau kuma duniya na kallo, ina ta ce maka ja zif ɗin wandonka!"