Ranar da Na Zama Kumandan a Kan Turmi

Jikata, rufe littafin Ingilishin nan ki rubuta abin da zan faɗa, jarrabawarki ba za ta gudu ba. Ban san baƙi ba, amma na taɓa yi wa mutum jarrabawa.

Ina shekara bakwai a Tanut aka ce bariki na neman ɗan rakiyar kumandan, mai jin Faransanci kaɗan. Wanda aka ɗauka ya tsira daga aikin dole. Baba kuwa yana cikin waɗanda za a kai fasa dutse, ga gero bai nuna ba.

Wani tsohon soja, Kawu Kyari, ya koya masa tambayoyi goma sha biyu na Faransanci da za a yi masa, da amsoshinsu. Baba yana ta mantawa, ni da ke tsintar wake kusa da su na haddace. Ran nan da la'asar Kawu ya kife turmin Inna, ya ɗora ni, ya kifa mani ƙwarya a ka.

"Ga kumandan. Tambaye shi, kada ki ji tausayinsa."

Na murtuke fuska, na jefo masa tambayoyin a hargitse. Baba yana tsaye yana zufa, ya amsa duka bai yi gargada ba.

Kawu ya buga sanda a ƙasa. "Bana dutse sai dai wani ya fasa!" Haka kuwa aka yi.

Ni 'yar fari ce, Baba bai taɓa kama sunana ba. Ranar ya ɗaga ni sama, ya kira shi da ƙarfi, har Inna ta rufe baki.

Tun rasuwar maigidana babu mai kiran sunan nan, kowa sai Kaka. Bar ni da hawayena, ki rubuta cewa Baba ya ci.