Kati Ɗaya

Mutumin da ya san kansa ba ya buƙatar ƙwaya ta koya wa zuciyarsa bugawa. Haka tsohon malamin jami'ar ya bayyana wa masu yi masa ta'aziyyar matarsa, a ƙofar gidansa da ke Tudun Wada.

"Ciwo ɗaya likita ya gano mana ni da marigayiya, wai zuciya ba ta bugawa daidai. Ni na yaga katina tun bara. Ita kuwa ba ta fashin asibiti. To, yau wa ke zaune?"

"Allah ya jiƙanta," suka ce.

A cikin gida, ƙanwar marigayiya ta miƙa wa 'yarsa wani ɗan turmi, duk cikinsa farin gari.

"A nan take daka maganinta kullum, ta zuba wa babanki a koko. Ba a ba da maganin sai da kati, katin kuwa ɗaya ya rage a gidan."

'Yar ta daɗe tana kallon turmin.

"Inna, ƙwaya nawa ta bari?"

"Tara."

'Yar ta tashi ta ɗora ruwan koko.