Ƙafar Hagu

Da hantsi, ana yayyafi, na kai 'yata asibiti. Kwana biyun nan jan ƙafar hagu take yi.

Likita ta mammatsa gwiwar, sannan ta jefa murfin biro bakin ƙofa. Yarinya ta sheƙa ta ɗauko, ƙafa lafiya lau.

Likita ta yi murmushi ta ce, "Ke 'yar gidana, wa ya koya miki waccan tafiyar?"

"Ta Baba ce."

Likita ta daina murmushi. "Malam, ɗan taka in gani."

Na taka. Sai yau na ji silifas ɗina yana sharar ƙasa. Haka mahaifina ya fara kafin ciwo ya kwantar da shi.

Na tsaya kawai. Takalmin ya zame, ban ma sani ba. 'Yata ta ɗauko, ta tura min ƙarƙashin ƙafa, ta koma wasanta.