Mai Alewar da Zaƙi Ya Zame wa Dafi

Kai da kake cewa maiɗakinka tsirfa kawai take yi da abinci tun da aka yi mata aikin rage ƙiba, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mai alewa a wata kasuwa, wanda harshensa ne jarinsa. In sukari ya tafasa a tukunya, ɗan lakata zai yi ya ɗora a harshe, ya san ko alewar ta yi ko da saura. Allah Ya yi masa ƙiba tun yana saurayi, har ta kai gwiwoyinsa sun gaza ɗaukarsa, sallah ma sai a zaune, ga ciwon suga, ga hawan jini. Likitoci suka ce in ana son ransa sai an rage masa tumbi. Aka yi aiki, teɓa ta zube, ya koma yana ruku'u da sujada kamar kowa. Sai dai ɗan tumbin da aka bar masa ba ya riƙe abinci. Abin da ya haɗiya sai ya zarce hanji a guje. In abin mai zaƙi ne, kafin ya wanke hannu zufa ta karyo masa, zuciya ta shiga dukan uku-uku, jiri ya ɗebe shi, ciki ya murɗa, sai zawo. In wannan ya lafa, can anjima hannuwa su kama rawa, idanu su yi duhu. Likita ya kafa masa doka: ya riƙa cin kaɗan-kaɗan, ƙwai da wake da kifi, ya tauna har muƙamuƙi ya gaji, kada ya kora da ruwa, ya kishingiɗa bayan ci, zaƙi kuwa ya yi sallama da shi. Ya bi doka sau da ƙafa. Ya wuni a kan tukunya ƙamshi na dukan hancinsa, ba halin ɗanɗanawa. Alewa yau ta ƙone, gobe ta yi ruwa, masu saye suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana ya je gaida mahaifiyarsa, tsohuwar da ido ya fara gudunta. Ya tarar ta dama masa kunun gyaɗa da hannunta, ta zuba zuma kamar yadda yake so tun yana yaro. Ya ce, "Inna, an hana ni." Ta ce, "Tun da aka yanka ka, ɗan nan, ka daina cin abin hannuna. Ko ƙyamata kake yi?" Ya dubi hannun nan riƙe da ƙwarya, ya kasa musa mata. Ya karɓa ya shanye tas, tana sa masa albarka. Aka kira La'asar, ya shiga masallacin unguwa. Ana tsakiyar sallah abin ya taso. Ya danne, ya cije, zufa na ɗiga a kan tabarma. Daga ƙarshe ya katse sallah, ya keta sahu, amma bai kai bayi ba. Abin da yake gudu ya faru a gaban mutanen da suka san shi tun yana tallan alewa a faranti. Wani dattijo ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa masa.

Tun daga ranar ya rufe rumfa. Ba ya zuwa biki, ba ya zuwa suna. Shi kaɗai yake cin nasa a ɗaki cikin ɗan kwanon da bai fi tafin hannu ba, yana jin iyalinsa a tsakar gida suna haɗa hannu a akushi. Mahaifiyarsa ba ta sake miƙa masa ko ruwa ba. In ya je sai ta zauna tana share hawaye, tana cewa ita ta tozarta shi. In larura ta fitar da shi titi, mutane su tare shi: "Alhaji, wallahi ka koma saurayi! Ka huta!" Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi," idonsa kuwa na neman inda bayi yake.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.