Kantun Gishiri a Mashigi

Haba Alhaji, sau nawa zan faɗa maka? Lambar nan da ka gani a littafin 'yarka, da aka ce nauyin ƙwayar zarra ce, ba nauyin kowace ƙwaya ba ne. Ko kulorin, sinadarin da ke cikin gishirin miyarka, ƙwayoyinsa iri biyu ne. Sunansu ɗaya, aikinsu ɗaya, amma wata ta ɗan fi wata nauyi, sai masana suka haɗa su suka ɗauki tsaka-tsaki. Kai kuma ka kafe wai tunda suna ɗaya ne, nauyi ma ɗaya ne. To, zauna ka ji.

Wani falke ne, mai taurin kan tsiya, shi da matarsa suka kwashe rani guda suna dafa gishiri suna fitar da kantu. Abin da za su ci da damina ke nan, ba su da wani. Ranar tafiya kasuwa ya ari sikeli, ya auna tarin gaba ɗaya, ya raba nauyin bisa yawan kantun, ya ce shi ke nan, ya san nauyin kowanne. Sai ya ɗora wa jaki mangala, buhun nan mai aljihu biyu, ya hau loda masa da ƙirge, abin da ya sa a dama shi ya sa a hagu. Na dahuwar farko su ne a bakin ƙofa, duk ya zuba su a dama. Matar ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan, ta ce, "Maigida, na farkon nan sun fi cika ciki, a gauraya su mana." Ya ce, "Ke dai da neman magana! Gishiri ai gishiri ne, lasa ki ji." Wallahi a ɗanɗano bai yi ƙarya ba, kuma bambancin kowane kantu bai taka kara ya karya ba. Amma ɗan wannan da ɗan wancan, da suka taru a gefe guda, ai sun zama kaya.

Tun bai fita gari ba mangala ta fara karkata dama. Ya sa kafaɗa ya tura. Ta sake karkata, ya ƙara ɗaure igiya har jaki na nishi. Ya zagi jaki, ya zagi wanda ya ɗinka akumari, shimfiɗar bayan jakin, ya zagi hanya da wanda ya fara bin ta. Kai, mutumin nan ya ba ni haushi! Sauke kaya a musanya 'yan kantu, aikin da bai kai shan ruwa ba, amma ina, ai yin haka yarda ce da maganar mace, shi kuwa ya riga ya yi lissafi. Haka suka isa mashigin kogi, ruwa iya cikin jaki. Hannu ɗaya na riƙe da riga, ɗaya na jan igiya, babu sauran kafaɗar tokarewa. A tsakiyar ruwa jaki ya ɗan yi tuntuɓe, mangala ta juya, tsulum! Kafin ya kwance ƙullin da shi da kansa ya tamke, gishiri ya narke ya bi kogi, mai nauyin da marar nauyin duka. Ya jawo mangala tana zubar ruwa, ya tsaya yana kallonta kamar zai yi kuka.

Da ya koma gida matar ta dubi mangala, ba komai ciki. Mayafi kawai ta ɗauka, ta shiga maƙwabta roƙon ɗan gishirin da za ta sa a miya, yana zaune yana jin sallamarta ta bayan danga. Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.