Kabarin Sallau

Tun da aka yi dokar mayar wa teku filinta, aka tashi unguwar Hausawa ta bakin gaɓa, aka shuka itatuwa a gurbin gidaje. Sau ɗaya a shekara ake rufe ƙofar madatsar ruwa, ƙasa ta fito daga hantsi zuwa la'asar.

Ranar, Tasalla ta shiga taɓo da sandarta tana neman kabarin mijinta Sallau. Mace ba ta raka gawa, don haka ba ta san wurin ba, kuma ba ta da ɗan da zai nuna mata. Sai ta iske Baba Ilu mai haƙar kabari.

"Baba, ko ka tuna inda ka sa shi?"

"Sallau mahauci? Dogon nan da ya sa ni ƙara rami? Biyo ni."

Ya tsaya a gindin wata karkatacciyar itaciya. Ta durƙusa tana addu'a. Ko azahar ba ta yi ba, ruwa ya fara taɓa gwiwarta.

"Baɗi ƙila ba za su rufe ba," in ji Baba Ilu.

"Allah ya saka maka da alheri, Baba. Yanzu ko daga kwalekwale zan gane itaciyar."